Wasan Zari-Ruga Ga Yara: Yaya Makomar Kulob-Kulob Ɗin Da Muke Da Su?



Waɗanda suka halarci taron kwamitin matasa na baya sun ga buhun ƙwallaye da ke jingine a ofishinmu, ƙwallaye masu siffar ƙwai, ba irin waɗanda muka saba gani ba. Wasu abokan aikinmu ne suka aiko da su kyauta, tare da shawarar a buɗe sashen yara na wasan zari-ruga a nan Tudun Wada, in ya karɓu a kai shi Kiru, Bebeji da Doguwa. Tun kafin mu kwance bakin buhun labari ya kai ga shugabannin kulob-kulob na ƙwallon ƙafa na unguwanni, suka tako har ofis. Tambayarsu guda ce: in aka buɗe wannan sashe, ina za a samo yaran da za su cika shi, in ba daga hannunsu ba? Da farko wasu cikinmu sun ɗauka kishi ne kawai. Da muka zauna muka saurare su, sai muka ga magana ce mai nauyi, ba wadda za a amsa a tsaye a bakin ƙofa ba. Shi ya sa muka keɓe wannan shafi domin mu bayyana abin da ke ciki, kowa ya sani kafin a yanke shawara.

Wane irin wasa ne?

Da yawa cikinmu ba su taɓa ganinsa ba sai a talabijin. Turawa suna kiransa da sunan garin Rugby da ke Ingila, inda ɗaliban makarantar garin suka fara yinsa. Ana ba da labari cewa a 1823 wani ɗalibi mai suna William Webb Ellis ya sunkuci ƙwallo da hannu ana tsakiyar wasa ya sheƙa da ita. Masana tarihi suna shakkar labarin, amma har yau kofin duniya na wasan sunansa yake ɗauke da shi. Sunan Hausa ma ya fi faɗin gaskiyar abin: ka zari ƙwallo, ka ruga.

Manya suna buga shi mutum 15 a kowane ɓangare, na tsawon minti 80. Akwai kuma gajere na mutum bakwai-bakwai, wanda aka shigar cikin wasannin Olamfik tun 2016. Ana riƙe ƙwallo a hannu a yi gudu da ita, amma ba a jefa wa abokin wasa ita gaba, sai dai baya ko gefe. Wanda ya kai ta bayan layin abokan hamayya ya dangwala ta a ƙasa ya ci maki 5, in aka buga ta da ƙafa ta wuce ta saman sandar raga a ƙara 2. Hanyar tsayar da mai gudu ita ce a rungume shi a kayar da shi. Wannan ne ke sa iyaye mata su dafe ƙirji.

To amma yara ƙanana ba haka ake fara musu ba. Ana ɗaura wa kowane yaro ɗamara mai ƙyalle biyu, ɗaya a kowane ƙugu. Maimakon a kayar da shi, sai a fizge ƙyallen, shi kuma dole ya tsaya ya miƙa ƙwallo. Ko a Ingila, inda wasan ya fito, rukunin 'yan ƙasa da shekara 8 wannan na ƙyalle suke yi, sai a rukunin 'yan ƙasa da 9 ake fara koya musu kayarwa. Irin wannan na ƙyalle ne ake shawarar a kawo mana.

Wasan ba baƙo ba ne a Afirka. Afirka ta Kudu ta ɗauki kofin duniya sau huɗu: 1995, 2007, 2019 da 2023. Kenya ta doke Fiji ta lashe gasar mutum bakwai a Singafo a 2016. Maro Itoje, wanda aka naɗa kyaftin ɗin Ingila a 2025, iyayensa 'yan Najeriya ne. Ita ma Najeriya tana da tawagarta ta ƙasa, Black Stallions, kuma a cikin birnin Kano akwai kulob ɗin Barewa, wanda ya yi suna a wasan a Arewa. Ke nan ba daga sama abin ya faɗo ba. Daga Kano zuwa nan tafiyar mota ce kawai.

Yadda kulob ɗin unguwa yake rayuwa

Kafin mu ce sabon sashe zai taɓa kulob-kulob ko ba zai taɓa su ba, sai mun fara sanin abin da ke riƙe da su. Mu da muke aiki da takardu da rahotanni mukan raina su, domin ba su da ofis, ba su da asusun banki, wasu ko rajista ba su da ita. Dukiyar kulob ita ce littafi guda a hannun sakatare, ƙwallo biyu ko uku da suka sha ɗinki a wurin mai gyaran takalmi, jesi saiti ɗaya da ake wankewa bi da bi, da turakun raga na itace. Kuɗin shiga shi ne karo-karon da 'yan wasa ke yi kowane mako, da abin da wani ɗan kasuwa ko ɗan siyasa ya ga dama ya bayar, musamman in zaɓe ya matso.

Duk da haka wasu sun shekara goma, wasu sun fi, suna nan. Abin da ke riƙe su shi ne tsari irin na tsani. A sama akwai babban tim, samari masu buga gasa da wasu garuruwa. A ƙarƙashinsu akwai ƙaramin tim. A can ƙasa kuma akwai 'yan ƙanana masu shekara bakwai zuwa goma sha biyu, waɗanda aikinsu shi ne ɗauko ƙwallo in ta faɗa gona, ɗebo ruwa, riƙe takalman yayyensu, sa'an nan su buga tasu a gefen fili da ƙwallon roba ko ta tsumma. Babu wanda ya rubuta sunayensu a ko'ina, amma su ne kulob ɗin gobe.

Babban tim kullum cikin zubewa yake. Wannan ya yi aure, wancan ya tafi ci-rani Kano ko Kaduna ko Abuja, wani ya samu makaranta, wani ya sayi babur ya kama haya. Kowace shekara sai an cike gurbi daga ƙasa. Saboda haka in aka zo aka kwashe 'yan ƙananan nan, ba za a ga komai ba a shekarar farko. Babban tim zai ci gaba da buga wasansa, mu kuma mu rubuta rahoto cewa babu wanda ya cutu. Sai bayan shekara biyar ko shida, ranar da aka nemi masu cike gurbi aka rasa, sa'an nan kulob zai mutu, kuma ba wanda zai tuna dalili. Duk manomi ya san wannan. Wanda ya ci irinsa da rani ba ya jin yunwa a ranar, sai ruwan shuka ya sauka.

Wannan shi ne abin da shugabannin kulob suke ƙoƙarin gaya mana, kuma shekarun da sabon sashe yake nema su ne daidai shekarun 'yan ɗauko ƙwallo.

Lokaci, fili da mutum

Ana iya cewa ai yaro yana iya yin duka biyu. A takarda haka ne. Amma mu dubi yinin yaro a ƙauyukanmu. Da safe makaranta. Da ya dawo akwai gona, ko kiwo, ko ɗebo ruwa, ko talla. 'Ya'yan 'yan'uwanmu Musulmi suna da Islamiyya, namu suna da koyon waƙa, ajin baftisma, da faretin Boys' Brigade da Girls' Brigade. Abin da ya rage na wasa shi ne tsakanin la'asar da magariba, kuma da hunturu rana tana saurin faɗuwa. Asabar ɗin da ake ganin babu komai cikinta ita ce ta fi kowace rana cika. Duk sabon abin da aka saka a wannan ɗan lokaci, wani abu ne aka ture.

Haka ma fili. A yawancin garuruwanmu fili guda ne mai kyau, na makarantar firamare ko na sakandare, kuma kulob biyu ko uku ne ke rabonsa. Da damina ciyawa ta rufe shi ko ruwa ya kwanta. Da kaka, a yanki irin namu na shinkafa da masara, wani lokaci sai an roƙi masu shanya su matsar da tabarmi da tamfol kafin a buga ƙwallo. In muka je wurin hedimasta da takarda mai tambarin ofis, muka ce muna son filin ranar kaza, zai ba mu, domin yana ganin girmanmu. Samarin da suka shekara goma suna cire ƙaya da tsakuwa daga filin ba su da takarda mai tambari. Za su zo su tarar da baƙi a kai, su koma gefe. Ba za su yi faɗa ba, amma ba za su manta ba.

Abin da ya fi fili da lokaci ƙaranci shi ne mutum. A kowane gari akwai mutum ɗaya ko biyu da Allah ya ba haƙurin tsayawa da yara kowace yamma ba tare da an biya su ba. Wani malamin makaranta ne, wani tela, wani tsohon ɗan wasa da gwiwa ta hana shi bugawa. Idan za mu buɗe sabon sashe, wa za mu nema ya zama koci? Shi dai wannan mutumin. In kuwa muka haɗa masa da ɗan alawus da sabuwar riga da tafiya Kano kwas, ba mu da bakin da za mu zarge shi in ya bar tsohon kulob ɗinsa. Yana da iyali.

Kuskuren da muka taɓa yi

A nan dole mu faɗi laifinmu da bakinmu. Shekarun baya mun shirya wa yara wani shiri na lokacin hutu a ɗaya daga cikin garuruwan nan. Niyyarmu mai kyau ce. Akwai wasanni, akwai koyarwa, kowane yaro ya samu riga, kuma kowace rana ana raba biskit da lemo. Yara suka cika wurin har muka rasa inda za mu sa su, muka ɗauki hotuna muka aika wa masu tallafa mana, kowa ya yi murna. Ba mu lura cewa ƙaramin tim na kulob ɗin unguwar ya watse ba, domin wane yaro ne zai tsaya ɗauko ƙwallo a banza alhali ga lemo can? Mai horar da su ya yi ta zuwa fili yana samun yara uku, huɗu, har ya gaji ya daina. Da kuɗin shirin suka ƙare muka naɗe tabarmarmu. Yaran ba su koma kulob ba, domin babu kulob ɗin da za su koma. Mun tarar da abu ƙarami mai rai, muka bar wurin babu namu babu nasu.

Abin da muka koya shi ne, kayan kyauta suna da ƙarfin da mai bayarwa ba ya ji. A wurinmu riga da lemo ƙaramin abu ne a cikin kasafi. A wurin yaron da bai karya da safe ba, su ne dukan maganar. Kulob mai karo-karo ba zai taɓa iya gasa da mai rabon kaya ba, ko da kocinsa ya fi namu iyawa sau goma. Kuma tallafi yana da ranar ƙarewa, karo-karo ba shi da ita.

Abin da ya fi damunmu

Akwai wata magana da ba a cika son faɗinta a fili ba, amma wannan takarda tamu ce, gara mu faɗa. Manya cikinmu ba su manta da watan Satumba na 2007 ba, lokacin da rikici ya ɓarke a garin Tudun Wada, aka rasa rayuka, aka ƙone majami'u da dukiya. Yaran da aka haifa a shekarar yanzu sun zama samari da 'yan mata. Zaman da muke yi a yau da maƙwabtanmu ba da taron manya kaɗai aka gina shi ba. An gina shi a kasuwa, a gona, a wurin biki da jana'iza, da kuma a filin ƙwallo. A kulob ɗin unguwa ba a tambayar yaro inda yake sujada kafin a ba shi ƙwallo, ana duba ƙafarsa ne. Yaron da ya shekara shida yana cin wasa yana shan kashi tare da wani, suna shan ruwa a jarka ɗaya, da wuya wani ya zo rana ɗaya ya gaya masa cewa wancan maƙiyinsa ne ya yarda nan take. Ba mu ce ƙwallo tana hana fitina ba. Mun ce tana cikin 'yan wuraren da suka rage inda yaranmu ke sanin juna da suna.

Yanzu mu ɗauka mun buɗe sashen zari-ruga a harabar majami'a, da rigunan da ke ɗauke da sunan hukumarmu, ana buɗewa da addu'a irin tamu. Iyaye Musulmi da yawa za su yi ɗari-ɗari, kuma ba za mu ga laifinsu ba, domin mu ma da haka za mu yi in an juya lamarin. Iyaye Kirista kuwa za su ji daɗi, su ce ga wuri na aminci, su janye yaransu daga kulob ɗin unguwa su kawo mana. Cikin shekara kaɗan sai a wayi gari akwai wasan Kirista da wasan Musulmi, kowa da filinsa. Ba wanda ya yi nufin haka, amma mu ne za mu zama mun raba abin da yake haɗe, da kuɗin agaji kuma. A ganinmu wannan ya fi asarar kowane kulob girma.

To a mayar da buhun ke nan?

A'a. Da za mu tsaya a nan da mun yi wa wasan rashin adalci, domin akwai yaran da ƙwallon ƙafa ba ta da wurinsu. Kowa ya san yaron nan mai jiki, wanda in ana raba tim shi ne na ƙarshe da ake ɗauka, a tura shi raga ko a ce ya jira. A zari-ruga irinsa ake nema, tare da siriri mai gudu da gajere mai wayo, kowa da aikinsa. Yaran da suka tashi suna kokawa a dandali da langa da farin wata sun riga sun san yadda ake kafa ƙafa da yadda ake goce wa mai kawo hari. Irin waɗannan yara ba a hannun kowane kulob suke ba. In su sabon sashe ya tara, bai ƙwaci na kowa ba.

Sai 'yan mata. A yawancin garuruwanmu babu kulob ɗin da ya taɓa buɗe musu ƙofa. Wasan ƙyalle ba shi da runguma ko kayarwa, saboda haka ana iya keɓe musu lokacinsu, da mace mai kula da su, cikin suturar da iyaye suka yarda da ita. Zumuntar mata ce za ta gaya mana ko wannan zai yiwu, ba mu ba.

Akwai kuma wata al'ada ta wasan da muke sha'awa. A zari-ruga kyaftin ne ke magana da alƙalin wasa, kuma wanda ya yi masa gardama ana iya matsar da tim ɗinsa baya mita 10. Duk wanda ya taɓa ganin yadda wasan ƙarshe na gasar unguwanni ke tashi da jifa saboda bugun fanareti ɗaya, ya san kulob-kulob ɗinmu suna da abin koya a nan.

Amma kada a yi wa iyaye alkawarin da ba za a cika ba. Za a zo ana ba ku labarin Siya Kolisi, kuma labari ne na gaskiya. An haife shi a 1991 a Zwide, unguwar talakawa kusa da birnin da a lokacin ake kira Port Elizabeth a Afirka ta Kudu. Yana ɗan shekara 12 aka gan shi a wata gasar yara, aka ba shi gurbin karatu kyauta a makarantar Grey. A 2018 ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe kyaftin ɗin ƙasarsa, ya ɗaga kofin duniya a 2019 da 2023. Sai dai a lura da abu biyu. A ƙasarsa akwai makarantu da manyan kulob masu biyan albashi da ke jiran irinsa. Kuma hanyar da ta ɗaukaka shi ita ce ta fitar da shi daga unguwarsu tun yana yaro. A nan gida, yaro mai ƙwallon ƙafa yana ganin tsaninsa: gasar ƙaramar hukuma, Kofin Ramat da ake yi a Kano, sa'an nan Kano Pillars, inda Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 kafin ya tafi Turai. Ko wannan tsanin ma mutum nawa ne suka kai ƙarshensa? Na zari-ruga ya fi shi gajarta nesa ba kusa ba, kuma yawancin masu buga shi a Najeriya ba da shi suke ci ba. Wanda zai kawo ɗansa ya kawo shi domin lafiyar jiki da tarbiyya da abokai.

Sai maganar rauni, a taƙaice. Filayenmu da rani kamar dutse suke, ga tsakuwa. Ba za mu yarda a koya wa ƙananan yara kayarwa a kansu ba. Ko a wasan ƙyalle yara suna iya yin karo. Yaron da ya bugu a ka, ya ji jiri, ko ya yi amai, ko ya rikice, a fitar da shi nan take, kada ya koma wasa a ranar, a kai shi asibiti. Wannan doka ta shafi ƙwallon ƙafa ma. Ga ƙauyukan da ke can cikin Doguwa, wajen Riruwai da bakin dajin Falgore, inda asibiti ke da nisa, sai an yi tunani sau biyu kafin a fara komai.

Shawarar da za mu kai gaban kwamiti

Bayan mun auna duk wannan, ga inda muka tsaya. Ba za mu buɗe kulob namu na kanmu ba. In za a yi zari-ruga, a yi shi a cikin kulob-kulob ɗin da ke nan, ya zama reshe a jikinsu. Kulob ɗin da yake so ya nema, wanda ba ya so a ƙyale shi, ba tare da ya rasa wani taimako da muke ba shi ba. Yaron da ya shiga yana nan ɗan kulob ɗinsa, sunansa a littafin sakatarensu, kuma in akwai karo-karo can zai kai. Ƙwallaye da ɗamaru za su zama dukiyar kulob, a rubuce, a gaban mai unguwa. Duk kulob ɗin da ya karɓi ƙwallon ƙwai za mu yi ƙoƙari mu haɗa masa da ta ƙafa, domin kada tsohon wasa ya zama ɗan bora a gidansa.

Ba za a raba abinci ko lemo a wurin horo ba, sai ruwan sha. Mun san wannan zai yi wa wasu ɗaci, har a cikin ma'aikatanmu akwai waɗanda ba su yarda ba, suna cewa yaya hukumar agaji za ta ga yaro mai yunwa ta hana shi. Amsarmu ita ce ciyarwa tana da hanyarta, ta makaranta da ta gidaje, inda ake duba bukata ba tare da an tambayi yaro wasan da yake yi ba. Har yanzu muna kan wannan muhawara.

Wurin wasa zai zama filin gari, ba harabar majami'a ba, kuma riguna in an samu sunan kulob za su ɗauka. Rabon ranaku za a yi shi a zaune, da hedimasta, da mai unguwa ko dagaci, da shugabannin dukan kulob ɗin da ke amfani da filin, kuma tsofaffin masu fili su fara zaɓa. Yini ɗaya a mako ya isa a farko. Za mu gai da limamai da fastoci tare, mu gaya musu abin da ake shirin yi kafin su ji a bakin yara. Kwas ɗin koci kuwa, kowane kulob ya turo mutum biyu da ya zaɓa da kansa, ɗaya cikinsu saurayi daga babban tim, domin kada nauyin ya sake komawa kan mutum guda. Za mu biya kuɗin mota da abinci na kwanakin kwas, amma babu alawus na wata-wata, tunda ba mu da tabbacin za mu iya ci gaba da shi.

Za a gwada na rani ɗaya, a garuruwa biyu kawai. Kafin a fara, kowane sakatare zai rubuta yawan ƙananan yaran da ke zuwa filinsa. In ruwa ya sauka a sake ƙirgawa. Abin da za mu duba ba yawan waɗanda suka zo zari-ruga ba ne, wannan mun san za su zo, sabon abu ne. Za mu duba ko ƙaramin tim na ƙwallon ƙafa ya ragu, ko an samu sabbin fuskoki da da ba sa zuwa fili, da kuma ko yaran addinan biyu suna nan tare kamar yadda aka same su. In ƙaramin tim ya ragu, za mu tsaya, ko da masu tallafi sun ji ba daɗi. Mun riga mun rubuta musu haka.

Muna roƙon iyaye, dattawan ikilisiya, shugabannin zumuntar mata da hafsoshin Birged su tattauna wannan a tsakaninsu, su kawo ra'ayinsu ta hannun fastocinsu ko wakilan kwamitin matasa kafin zama na gaba. Shugabannin kulob, Musulmi da Kirista, an gayyace su zaman, kuma za su yi magana kafin mu. Wanda yake son ya ga ƙwallon da idonsa ya biyo ta ofis. Mun ciro guda biyu daga buhun domin a taɓa a gani, sauran suna nan a ɗaure.